Awa Biyu: Jinkirin da ke Raba Mu da Masu Haihuwa

Ina gaida iyayenmu mata da ke cikin gida. Ina gaida magidanta da ke zaune a ƙofar gida, rediyo a gefen tabarma. Direbobi, 'yan acaɓa, 'yan kabu-kabu da masu amalanke, ku ma ku matso, yau akwai rabonku a cikin zancen. Ungozomomi da malaman asibiti, sannunku da ƙoƙari.

Yau a kan haihuwa za mu tattauna. In maigida ya ji an ce haihuwa ya miƙe zai fita, don Allah a ce masa ya dawo ya zauna. Rabin maganar nan tasa ce.

Ga yadda za mu bi ta. Za mu fara da jini. Daga nan mu duba wurare uku da lokaci ke ƙwace mana: cikin gida, kan hanya, da cikin asibiti. Sannan mu koma kan jariri da maijego.

Kafin nan, ga adadi ɗaya, ku riƙe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023, mata kusan 75,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa. Sama da mata 200 ke nan a kowace rana. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk matan da suka rasu ta wannan hanya a faɗin duniya. Kuma abin ya fi tsanani a wajenmu, arewa. Babu wanda ke sauraro na yanzu da bai taɓa zuwa gaisuwar maijego ba. An shirya zuwa barka, sai aka ɓuge da ta'aziyya. Allah ya jiƙansu, ya raya abin da suka bari.

To, mu fara da jini.

Duk macen da ta haihu tana zubar da jini, wannan kowa ya sani. Tambayar ita ce, yaushe ne ya yi yawa? Likitoci sun yanke ma'auni: rabin lita. Kun san ledar ruwan sha da yara ke tallarta a tasha? Cikinta rabin lita ne. In jinin da mace ta zubar bayan haihuwa ya kai cikin leda ɗaya, an shiga haɗari. In ya kai biyu, maganar rai ake yi.

Me ke kawo shi? Wata tara mabiya tana manne da mahaifa, jinin uwa na ratsawa ta nan yana ciyar da ɗa. Da mabiya ta ɓalle ta faɗo, sai ta bar jijiyoyin jini a buɗe. Allah ya yi wa mahaifa dabara: tana dunƙulewa ta yi tauri, ta matse jijiyoyin, jini ya tsaya. Amma wani lokaci mahaifa ta gaji. Naƙuda ta yi tsawo, ko tagwaye ne, ko haihuwa ce a kan haihuwa babu hutu. Wani lokaci guntun mabiya ne ya maƙale a ciki. Wani lokaci ƙari ne mace ta yi. Sai jini ya ƙi tsayawa.

Irin wannan zubar jini kan iya kashe lafiyayyar mace cikin awa biyu. Zan maimaita. Awa biyu. Daga la'asar zuwa magariba ke nan. In kuma dama tana da ƙarancin jini tun tana da ciki, ba ma za ta kai haka ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, maganin ba mai tsada ba ne. Akwai allura, sunanta oksitosin. Ana yi wa mace da zarar jariri ya fito, sai mahaifa ta dunƙule. Matsalarta ɗaya, ba ta son zafi, sai an ajiye ta a firji. Inda babu firji, akwai ƙwaya, sunanta misoforostol. Ita ba ruwanta da firji. Jihar Sakkwato ta fara raba ta har cikin ƙauyuka tun 2013, don matan da haihuwa ta riska a gida.

A nan sai na ja kunne, ku saurara da kyau. Wannan ƙwaya bayan jariri ya fito ake shan ta, kuma bayan an tabbatar babu ɗan'uwansa a ciki. Ba a shan ta don a hanzarta naƙuda. Haka allurar. Duk mai kemis ko mai yawo da jakar allura da ya ce zai yi wa mace allurar ƙarin zafin naƙuda a ɗaki, ku hana shi. Tana iya fasa mahaifa, a rasa uwa, a rasa ɗa.

Ko maganin na aiki a ƙasa mai ƙaramin ƙarfi? Mu leƙa Nijar. Daga 2015 zuwa 2020 an bi diddigin haihuwa sama da miliyan ɗaya a asibitocin ƙasar, bayan an ɗora ma'aikata a kan matakai uku. Mataki na farko, ƙwayar nan. In jini bai tsaya ba, sai a saka 'yar roba cikin mahaifa, a cika ta da ruwa, ta danne inda jinin ke fita. In har yanzu bai tsaya ba, sai a ɗaura wa mace wata rigar roba mai matse ƙafafu da mara, ta tura jini zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa, a samu lokacin kai ta babban asibiti. Da aka wallafa sakamakon a 2023, an ga mutuwa ta dalilin zubar jini ta ragu da fiye da rabi. A Nijar fa, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi kowa ƙarancin kuɗi da likitoci.

A shekarar dai, an fitar da sakamakon wani gwaji a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero a Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Me suka yi? Leda ce mai ma'auni a jiki ake shimfiɗa wa mace, jini ya taru a ciki, ungozoma ta ga adadinsa da idonta, ta daina kintace. Da ya kai layin haɗari, sai a haɗa duk magungunan a ba ta lokaci guda. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa suka ragu da kashi 60 cikin 100.

Ashe ke nan magani akwai shi. Abin da ke hana mace kai wa gare shi cikin awa biyun nan shi ne jinkiri. Tun 1994 masu bincike suka kasa jinkirin gida uku, kuma har yau rabon nan bai tsufa ba.

Mu shiga na farko, jinkirin cikin gida. A nan zan daɗe, don nan ne hannunmu ya fi kaiwa.

Mu ƙaddara wata yarinya ce, shekarunta 17, cikin fari. An kai ta gidan iyayenta goyon ciki. Bayan sallar isha'i mara ta fara murɗa mata. Ba ta gaya wa kowa ba. An raine ta a kan cewa 'yar kirki ba ta raki, kuma kunya ba za ta bar ta ta dubi mahaifiyarta ta ce naƙuda take ba. Ta shige ɗaki ta ciji zani. Da asuba aka gane. Aka aika wa tsohuwar ungozoma. Aka kawo rubutu, aka jiƙa saiwa. Rana ta take, shiru. La'asar ta yi, shiru. Wata maƙwabciya ta ce, "Anya ba za a kai ta asibiti ba?" Mahaifiyar ta ce, "Ai ba mu da iko, sai mijinta ya ce." Miji yana Legas ci-rani, wayarsa ba ta shiga. Aka aika wa surukai. Uwar miji ta ce ita goma ta haifa a ɗakinta, ba wanda ya ji tarinta.

Jama'a, a cikin mutanen nan babu mugu ko ɗaya. Kowa yana son yarinyar. Amma rana ta fito ta faɗi tana kan gwiwa.

Ku riƙe wannan ƙa'ida: naƙudar da ta wuce awa 12, wato daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ta fi ƙarfin ɗaki. Sau da yawa kan ɗa ne ya tokare a ƙugu, ko kwanciyarsa ce ba daidai ba. Babu jiƙon da ke faɗaɗa ƙashi. Yankan gishiri kuwa ƙara ɓarna yake yi. In kan ɗa ya daɗe yana danne mafitsara, naman wurin ya mutu, sai ya huje. Asalin yoyon fitsari ke nan. Ba maita ba ce, ba kuma baki aka yi mata ba. Kuma ana ɗinke shi: akwai cibiyar Babbar Ruga a Katsina, akwai ta Laure a Kano, akwai ta Danja kusa da Maraɗi. Duk wanda ya san matar da aka ware a bayan gida saboda wannan lalura, ya taimaka a kai ta.

Maigida, yanzu da kai nake. Izinin nan, ba da shi tun yau. Tara mahaifiyarka da matarka da ƙanenka, ka faɗa da bakinka kowa ya ji: "Ko ina nan ko ba na nan, dare ko rana, in abu ya taso a kai ta asibiti, na yarda." Magana ce ta minti ɗaya. Ba ta cin ko sisi. Ka faɗe ta kafin ka hau motar ci-rani.

Inna, uwar miji, ke ma ina roƙonki. Gaskiya ne kin haifi goma a ɗaki, Allah ya raba lafiya, mun gode masa. Amma ki tuna sa'o'inki da aka yi muku aure shekara ɗaya. Ki lissafa waɗanda haihuwa ta tafi da su. Su ba sa nan balle su ba da nasu labarin. Maganarki tana da nauyi a gidan nan fiye da ta kowa. In kika ce a tafi, an tafi.

Wani zai ce, ai kwana in ya ƙare ya ƙare. Haka ne, rai na Allah ne. Amma ku tambayi malamanku: neman magani ba ya warware tawakkali. A yi addu'a, a yi tofi, mota tana tafiya.

Yanzu ga alamomin da ba a kwana da su. Iya, ki saurara. Yaya, ki saurara. Jini, komai ƙanƙantarsa, ga mai ciki. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi. Kumburin fuska da hannuwa. Zazzaɓi mai zafi. Faya ta fashe amma naƙuda ba ta zo ba. Ɗa ya daina motsi. Hannu ko ƙafa ko igiyar cibiya ta riga kai fitowa. Mabiya ta wuce rabin awa ba ta faɗo ba. Zani ya jiƙe sharkaf da jini bayan haihuwa. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa. Ba a jira na biyu.

Sai jijjiga. Ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Mai ciki ta faɗi tana karkarwa, tana taune harshe, ido ya kakkafe. Nan da nan sai a ce iska ce, a kawo turare, a danne ta. Jama'a, hawan jini ne na masu ciki, ya hau har ya taɓa ƙwaƙwalwa. A kwantar da ita a gefen hagu. Kada a cusa mata cokali ko tsumma a baki. Kada a ɗura mata ruwa. A nemi mota. Akwai allurar da ke tsayar da jijjiga, tana asibiti. Kuma tun kafin ta kai ga haka, awo ne ke gano ta, ta hanyar gwajin hawan jini da na fitsari.

Shi ya sa awo ba yawon banza ba ne. A can ake ba da ƙwayar ƙarin jini. A can ake ba da maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro, da allurar da ke kare uwa da jariri daga sandarewar jiki. A da sau huɗu ake cewa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi sau takwas, kuma a fara tun cikin bai wuce wata uku ba. Na san mai cikin fari ba ta son a sani da wuri. 'Yata, malamar asibiti ba za ta yi shela ba. Je ki.

Akwai abin da mutanen Damagaram suka yi da ya burge ni. Tun 2008, da tallafin asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka buɗe abin da ake kira makarantar mazaje. An fara da guda 11. Babu allo, babu aji. Magidanta ne, waɗanda gari ya shaida da kirki kuma matansu na zuwa awo, suke zama sau biyu a wata tare da ma'aikacin lafiya. Su duba: mata nawa suka zo awo a watan nan? Wace unguwa ce ba a zuwa? Me ya hana? Sai su bi 'yan'uwansu maza a majalisa, a masallaci, a wurin suna. A wasu garuruwan su da kansu suka buga tubali suka gina wa ungozoma ɗakin kwana, don a same ta da dare. Abin ya bazu zuwa sauran jihohin Nijar, har ƙasashen maƙwabta suka kwaikwaya. Ba sai an jira wata ƙungiya ba. Majalisar shayin da ke ƙofar gidanka za ta iya.

Mu wuce zuwa jinkiri na biyu, na kan hanya.

An yanke shawara za a tafi. Ƙarfe ɗayan dare. Motar garin ɗaya ce, ta tafi cin kasuwa ba ta dawo ba. Mai babur ya ce babu mai. Wanda aka samu ya tsuga kuɗi, sai an buga ƙofa uku kafin a haɗa. Damina ce, gulbi ya kawo. Awa biyun nan fa tana tafiya.

Ga abin da nake so mu duba tsakaninmu da Allah. Tun ciki na wata biyar an sayi ragon suna ana kiwo. An tanadi itacen wankan jego. An ɗinka atamfar fitar suna. An san wanda zai kawo goro. Duk wannan shirin kwana na bakwai ne. Daren farko fa, wa ya shirya masa? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin mota ya riga kuɗin rago. A ƙulle shi daban, a ba matar ta ajiye, kada a taɓa ko baƙo ya zo. A karɓi lambar direba biyu, a rubuta a bangon ɗaki. A yi magana da su tun da rana tsaka, a daidaita kuɗi.

Direbobi, ga naku. A jihohin arewa da dama, ƙungiyar direbobi ta ƙasa ta horar da 'yan sa-kai da ke ɗaukar mai naƙuda a kowane lokaci, kuɗin mai kawai ake ba su. A Jigawa akwai shirin Haihuwa Lafiya, shi ma don jigilar nan aka kafa shi. A wasu gundumomin Nijar kuwa, an riƙa ƙara dala ashirin ta kuɗin sefa a kan kuɗin ganin likita, a tara a asusu, a zuba wa motar asibiti mai da shi in za a tura mara lafiya gaba. Ku tambayi shugaban tasharku ko akwai irin wannan a garinku. In babu, adashe ma ya isa ya kafa shi.

Sai maganar jini. Sau da yawa an kai mace a kan lokaci, likita ya ce a kawo leda biyu, sai dangi su fara kallon juna. A nemi mutum biyu ko uku tun ciki na wata bakwai, a gwada jininsu, a san ya dace da nata. Lafiyayyen namiji in ya ba da leda ɗaya, jikinsa na mayar da ita. Ba ya rage ƙarfi, ba ya taɓa mazakuta.

'Yan'uwanmu na Zamfara, da yammacin Katsina, da gabashin Sakkwato, da kudancin Maraɗi, na san hanya ba ta biyuwa da dare saboda 'yan bindiga. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Kafin nan, in wata ya kama, a kai mai ciki gidan dangi a garin da ke da asibiti, ta zauna can har ta sauka. Musamman mai cikin fari, da mai tagwaye, da wadda aka taɓa yi wa tiyata, da wadda ta haifi biyar ko fiye.

Yanzu jinkiri na uku, na cikin asibiti. A nan dole a faɗi gaskiya, in ba haka ba jama'a za su ce mun ɗora musu laifi mun kare gwamnati.

Akwai matar da ta yi duk abin da muka ce. Ta je awo. Mijinta ya ba da izini. An samu mota. Aka isa, ƙofa a kulle, ma'aikaciya ɗaya ce kuma ta tashi. Ko tana nan, amma da fitilar waya za ta karɓi haihuwa. Ko a miƙo wa miji takarda: safar hannu, allura, ruwan ƙari, auduga, je ka sayo, ƙarfe biyun dare. Ko a daka wa mace tsawa tana tsakiyar ciwo, a bar ta a buɗe kowa na wucewa. Matar da aka yi wa haka ba za ta dawo ba. Za ta kuma gaya wa duk matan unguwarsu.

Malamai ungozomomi, na san halin da kuke ciki. Mutum ɗaya a kan mata goma, albashi na makara, babu ruwa, babu wuta. Amma "sannu" ba ta buƙatar kasafin kuɗi. Labule ma haka. Tsohuwar ungozomar gargajiya da ta rako mai naƙuda, kada a kore ta a wulaƙance. Ita ce za ta kawo ta gaba.

Masu mulki kuma, ga darasi daga Nijar, mai daɗi da mai ɗaci. A 2005 gwamnati ta ce tiyatar haihuwa kyauta ce. A 2006 ta ƙara da awo da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Mata suka yi tururuwa da 'ya'yansu. Amma tsarin shi ne asibiti ya yi aiki, gwamnati ta biya daga baya. Biyan ya riƙa makara wata da watanni, har shekaru. Kantar magani ta bushe. Aka koma rubuta wa mutane takarda su sayo a waje. Duk wanda zai ce kyauta, to ya tanadi kuɗin, kuma ya isa asibitin ƙauye a kan kari.

A Najeriya, dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. A watan Nuwamban 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Madalla. Sai dai tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, kuma har yau gwamnatin tarayya ba ta kai rabin haka ba. Jama'a, kuna da kwamitin lafiya a mazaɓarku. Ku shiga. Ku tambaya: ungozoma nawa ke kwana a asibitinmu? Akwai allurar tsayar da jini, kuma a firji take? Akwai maganin jijjiga? In ɗan siyasa ya zo neman ƙuri'a, ku yi masa tambayoyin nan a gaban jama'a.

To, an sauka lafiya. Mu koma kan jariri.

Makon farko shi ne mafi haɗari a rayuwar ɗan'adam. Cikin jarirai huɗu da ke rasuwa kafin su cika wata, kusan uku a makon farko suke tafiya. Abubuwan da ke tsare su kuwa a hannunmu suke.

Da ya faɗo, a goge shi da tsabtataccen zani, a ɗora shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a lulluɓe su tare. A sa masa hula. Wanka ya jira sai gobe, ko da kaka ta matsa. Sanyi na kashe jariri, ko a watan bazara. A sa shi a nono cikin awa ɗaya. Dakashi, wato nonon farko mai kauri, ba dauɗa ba ne, kada a matse a zubar. Shi ne riga-kafinsa na farko. Kuma tsotson da yake yi na taimakon mahaifar uwa ta dunƙule, jini ya ragu. Daga nan nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a ba shi. Nono da ruwansa yake zuwa.

Cibiya, a yanke da sabuwar reza. Kada a sa toka, ko man goge baki, ko kashin shanu, ko a gasa da tsumma. Akwai man shafawa na cibiya, sunansa kulohekzidin, ana samu a asibiti. A cibiya kaɗai ake shafa shi, kada ya kusanci ido. Bakwaini kuwa, ko wanda aka haifa ƙarami, a ɗaure shi a ƙirjin uwa dare da rana, ɗumin jikinta ya raine shi. A birnin Bogota na ƙasar Kolombiya aka fara wannan dabara a 1978, saboda ƙarancin kwalabar jarirai, kuma ta ceci rayuka ba adadi. In jariri ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko numfashi na sama-sama, ko ya yi ɗorawa har tafin hannu, a tafi yau. Ba a jira a yi suna.

Maijego ma a sa mata ido. In a asibiti ta haihu, ta cika awa 24 kafin a sallame ta. Wanka da ruwa mai ɗumi babu laifi. Amma tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gadon wuta, da kunun da aka cika wa kanwa, likitocin Zariya sun daɗe da gano suna da hannu a ciwon zuciyar masu jego. In ƙafafunta suka kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a zaune, zuciya ce. In jinin biƙi ya yi wari ga zazzaɓi, ƙwayar cuta ce ta shiga. Duka biyun na asibiti ne.

Yaran da suka tasa fa? Nan ma Nijar ta nuna ana iyawa. A 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa, 226 ba sa kai shekara biyar. Zuwa 2009 adadin ya sauko 128. Me aka yi? A zamanin Shugaba Tandja Mamadou an gina ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2,000 a karkara, aka sa ma'aikatan da aka koya wa maganin zazzaɓi, gudawa da ciwon haƙarƙari. Aka raba gidan sauro. Aka riƙa ɗiga wa yara sinadarin bitamin A. Aka buɗe wuraren kula da masu tamowa. Aka cire kuɗin ganin likita. Duk ciki babu wata na'ura mai tsada.

Don haka uwa, in jikin yaro ya yi zafi, a gwada jininsa a ranar, kada a kwana biyu ana jiƙe-jiƙe. In gudawa ce, ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki, kuma a ci gaba da ba shi nono. In damina ta faɗi masu rabon maganin riga-kafin zazzaɓi suka ƙwanƙwasa ƙofa, a buɗe musu, a kuma cika na kwana biyun da suke bari a hannunki. Katin riga-kafi a adana shi inda ake adana takardar gona.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko maganar tazarar haihuwa da kwanika, kuma za mu ji ta bakin malaman addini da na asibiti. Masu ciki, Allah ya raba lafiya. Masu jego, Allah ya ba da lafiyar shayarwa.